Yadda Na Nemo Auren Nasiru a Bakin Bahar Rum

Kafin in shiga wannan babi, bari in gyara wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan. Ku 'ya'yana da jikokina kun ɗauka kuna ta yaɗawa, wai shekarar da aka aike ni ƙasar Tunisiya neman aure, na ajiye abin da ya kai ni na shiga yawon gari-gari kamar Baturen da ya yi ritaya. Na san bakin da maganar ta fito, bakin uwarku Tabawa ne, kuma na yafe mata tunda ita ke dafa mini abinci. Amma ku da kuka sha boko har kuka ƙoshi, ya kamata ku san ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Ni aji uku na yi a firamare ruwan dam ɗin Tiga ya zo ya shanye makarantar da garin gaba ɗaya, amma ko a aji ukun an koya mana wannan. Na taka garuruwa a bakin tekun nan, ban musa ba. Sai dai kowane gari aiki ne ya kai ni, kuma ga yadda aka yi.

Nasiru dai ɗan farin ƙanena Iliya ne. Shi ne yaron da muka yi ta zanewa a kan ya bar buga ƙwallo ya zo fadama ya riƙe mana tiyon ban ruwa, ya ƙi. Ashe abincinsa a ƙafa Allah ya ajiye masa. Daga Bebeji ya koma Kano, daga Kano wasu suka ɗauke shi zuwa wani gari da ake kira Susa, a bakin Bahar Rum, ana ba shi albashi don ya yi ta bin fata a guje. Tun daga ranar muka daina cewa ƙwallo shashanci ce, muka koma cewa sana'a. To, ana nan, damina ta ɗauke, irin tumatirina ya isa dashe, sai ga wayarsa. Ya gaishe ni ya sake gaishe ni, ya tambayi ruwa, ya tambayi kifi, har ya tambayi lafiyar jakin da ya daɗe da mutuwa. Na ce masa, ɗan nan, faɗi sunanta mu huta. Ya ce Salma. Ya ce 'yar garin ce, Musulma, iyayenta sun ce ya turo magabatansa. Na tashi na tafi gidan Iliya. Kun san shi da kunyar ɗan fari, bai taɓa kama sunan yaron ba tunda aka raɗa masa. Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke.

"Yaya, ni me na sani a ciki? Ɗanka ne. Yadda ka yi daidai ne."

Da na dawo gida na ce zan tafi, Tabawa ta ajiye muciya ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, kai da mota ke juya wa kai daga nan zuwa Kwanar Ɗangora? Jirgin sama fa aka ce. Kuma da wane bakin za ka yi musu magana?"

"Da Larabci mana. Ko kin manta na yi allo?"

"Na tuna. Na kuma tuna inda ka tsaya."

Ban kula ta ba. Na bar wa maƙwabta amanar dashe, na sa aka nemo mini goro fari da ja aka naɗe a ganye, na ɗinka babbar riga. Da na dawo na tarar rabin tumatirin ya ƙone, wannan ita ce asarar da na yi, kuma ban taɓa yi wa Nasiru gori a kanta ba sai yau da nake rubutawa.

Zancen jirgi ba zan ja shi ba, an tashi da mu an sauke mu a Alƙahira, an sake tashi an sauke mu a Tunis, kuma duk wanda ya ce na riƙe hannun na kusa da ni bai ga komai ba. A filin jirgin wani ma'aikaci ya buɗe ƙunshina ya tambayi mene ne wannan. Na ɓara masa ɗaya ya gatsa. Fuskar da ya yi, na san ba zai ƙwace mini ko guda ba. Nasiru na jira a waje yana ɗingishi, ya ji ciwo a gwiwa an ba shi hutu, abin da ya sa na samu tafinta kyauta ke nan. Ya kai ni tasha. Jama'a, na ƙetare hamada a sama don in zo in tarar da tashar Tudun Wada! Ga ƙananan bas farare da jan layi a gefe, su suna ce musu luwaj, ga masu kiran lodi suna ihun sunan gari, kuma motar ba ta tashi sai ta cika. Bambancin kawai, kujerar mutum ɗaya mutum ɗaya ke zama, ba a ɗora maka buhun wani a cinya. Muka miƙi kudu, gonakin zaitun dama da hagu, a jere kamar an shata da igiya. Can wajen wani gari Hamamat hanya ta ɗan hau tudu, Nasiru ya taɓa ni ya nuna hagu. Na ga wani shuɗi ya tashi daga ƙasa ya je ya haɗe da sama, babu tsallake, babu dutse, babu ko bishiya a bayansa. Ni da na ƙare rayuwata a kwale-kwale, na ɗauka na san ruwa. Ya ce yaya na gani. Na ce ba laifi, ya ɗan fi Tiga faɗi.

Susa gari ne biyu a haɗe. Akwai tsohon gari cikin ganuwa, lunguna kamar na cikin birnin Kano, ana kiran salla ana sayar da turare. Sai kuma bakin ruwa, otal na bin otal, farare tas, kowanne da ƙaramin tafkinsa a tsakar gida alhali ga teku a ƙofa. A kan rairayi kuwa ga Turawa an shanya kamar kifin banda, su kwanta ta ciki, in gefe ya gasu su juya. Na tambayi Nasiru ko marasa lafiya ne. Ya ce a'a, kuɗi suka biya suka zo. Na kawar da kai saboda alwalata, na tsugunna na ɗebi ruwan na kai baki. Gishiri zalla. Na ce duk girman nan nasa ba zai shayar da kadada ɗaya ta albasa ba, sai na ji zuciyata ta ɗan kwanta.

Washegari muka je gidan su yarinya. Mahaifinta, Si Munsif, haka suke cewa maimakon malam, mutum ne fari mai tumbi da fara'a, yana da kantin kayan gini. Ya rungume ni kamar ya san ni. Aka kawo wani abinci mai kama da dambu da kifi a sama, da yaji ja kwaɓaɓɓe, da burodi dogo da za ka iya kora akuya da shi. A gefen ɗakin wata tsohuwa na zaune cikin farin mayafi, ita ce Ummi Zuhra, mahaifiyarsa. Yarinyar ta shigo ta gaishe ni da Hausar da aka koya mata, na ga natsuwa, na ga wushirya, na ce a raina yaron nan ya iya zaɓe. Aka ci aka sha shayi. Sai kowa ya zuba mini ido. Nasiru ya raɗa mini cewa yanzu ne, in nema, a karanta Fatiha, an gama. Na gyara zaman riga na ce ya tambayi Si Munsif ina wansa ko ƙanensa, don in san gidan da zan kai gaisuwa. Yaron ya zaro ido.

"Baffa, a nan uba ake tambaya. Ga shi a gabanka."

"Ni ma ai ina da ido. Faɗa masa abin da na ce."

Ya faɗa. Fara'ar Si Munsif ta ɗauke kamar an kashe fitila. Ya ce shi ba shi da ɗan'uwa. Tsohuwar ta ɗago kai ta dube shi, ta mayar. Ni kuwa na sha ragowar shayina, na yi godiyar abinci, na ce gaisuwa muka zo yi yau, maganar da ta kawo mu sai wani zaman. Muna fita Nasiru ya kusa kuka a bakin titi. Na zaunar da shi na yi masa bayani, kuma ku ma ku ji, don na ga kun fara aure ta waya. Ba a neman 'ya a bakin ubanta. In ya ce e da sauri, ya zama mai neman kai da ita. In ya ce a'a, an ɓata har abada. Shi ya sa ubanka bai zo ba, ni na zo. Kuma aure ba ranar biki ba ne. Ranar da kuka saɓa, ka san za ku saɓa, wa zan je in zauna da shi mu faɗa wa juna maganar da ba ta da daɗi? Uba ba ya jin laifin 'yarsa. Baffa shi ne ƙofar da ake bi a shiga, a kuma bi a fita ba a yi karo ba. Ya ce duk ya ji, amma mutumin ya ce ba shi da ɗan'uwa. Na ce mai irin wannan fushin yana da ɗan'uwa, wanda ba shi da shi dariya zai yi. Ban rufe baki ba sai ga tsohuwar ta leƙo ta ƙofa tana dogara sanda. Ta yi wa Nasiru magana a gajarce ta koma. Na ce me ta ce. Ya ce ta ce sunansa Hadi, shi ne babba, masunci ne, rabon da ta ji labarinsa yana Munastir.

Daga Susa akwai wani ɗan jirgin ƙasa da ke bin gaɓar teku, yana tsayawa a kowane gari kamar mai tallan manja. Shi muka hau da safe, ni da ƙunshin gorona, Nasiru da fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. A hanya na ga fadamun gishiri da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, jajaye-jajaye, suna tsaye da ƙafa ɗaya. Munastir gari ne mai tsafta, da wata tsohuwar ganuwa mai hasumiya a kan ruwa. Muka gangara inda jirage ke tsayawa, sai na ga ba na masunta ba ne, na masu kuɗi ne, farare, ba ƙarni ba ƙuda. Har da wani da aka yi wa ado da tutoci, ma'aikatansa sun ɗaure ido ɗaya da baƙin ƙyalle suna kiɗa suna ɗaukar baƙi. Ɗaya ya ja ni wai in shiga a zaga da ni. Na ce ni ba na shiga jirgin da direbansa ke da ido ɗaya. A wata rumfar shayi muka sami tsofaffi, suka ce Hadi ai ya daɗe da tashi, tun da aka cika wurin da jiragen wasa, mu duba Tabulba. Muka koma jirgin ƙasa. Tabulba ta yi mini, don tun daga tasha hancina ya gaya mini an zo garin mutane. Jiragen kamun kifi manya, ƙanƙara, ihu, kyanwoyi. A nan ma aka san shi. Wani ya ce mai baƙin rai? Na ce shi. Ya ce ya koma Mahdiyya, ƙarshen layi. Kuma a nan ne wani mai surutu ya ba mu labarin abin da ya raba su. Ubansu ya bar gonar zaitun a bakin ruwa, da gidan da aka haife su a ciki. Masu otal suka nema. Ƙaramin ya ce a sayar, babban ya ce sai bayan ransa. Aka yi ta ja har aka sayar. Tun ranar da aka tuge itatuwan ba su sake haɗa ido ba.

Muna tsaye a tasha wayar Nasiru ta yi ƙara. Salma ce, kuma ko ban ji Larabcinsu ba na ji kuka. Ya sauke wayar ya juyo wurina.

"Baffa, babanta ya ji inda muka nufa. Ya ce ya karɓe ka a gidansa, ka tsallake shi ka tafi neman maƙiyinsa. Ya ce in muka kai maganar 'yarsa wurin mutumin nan, to babu aure. Don Allah don Annabi mu koma ka ba shi haƙuri."

Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata. Na tuna Iliya yana tonon ƙasa yana cewa yadda na yi daidai ne. Na ga kaina na sauka a Bebeji hannu rabbana, ga Tabawa a bakin ƙofa. Jirgin komawa Susa da na zuwa Mahdiyya duk a tashar nan suke tsayawa. Amma na yi tunani, in na koma yanzu, na riga na ɓata wa ƙaramin, ban kuma samu babban ba. Kuma tsohuwar nan ba don Nasiru ta dogaro sanda ta fito ba. Na ce masa, ɗan nan, wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Ya ce aurensa ne fa nake wa karin magana. Na ce na sani, hau mu tafi. Har muka isa ƙeya ya juya mini yana kallon taga.

Mahdiyya wani ɗan yatsan ƙasa ne da ya miƙe cikin teku, ruwa dama ruwa hagu. Ana shiga tsohon garin ta wata ƙofa mai zurfi da duhu kamar zauren sarauta, gidaje farare ƙofofi shuɗɗa. A can ƙarshe maƙabarta ce, kaburbura farare sun gangara har bakin ruwa. Na tsaya na yi musu addu'a, na ce ku kam kun more, ruwan ya tsaya a ƙafafunku. A bakin jirage muka sami Si Hadi, dogo, busasshe, da jar dara a ka, ya baje komar kamun kifi a cinya yana ɗinki. Na yi sallama ya amsa bai ɗago ba. Na tattare riga na zauna, na jawo ɗaya gefen komar na nemi inda ta yage. Ya dube ni ta wutsiyar ido, ya turo mini zare da ƙafa. Muka yi ta ɗinki har la'asar. Sannan na kwance ganye na ajiye goro a gabansa, na ce wa Nasiru ya faɗa masa daga ƙasar Hausa muke, mun zo neman iri a gidansu. Da ya gane 'yar wa ake nufi, ya ture goron.

"Ba ni da 'ya. Ku je wurin wanda ya iya sayarwa."

Na ce a faɗa masa na ji an tuge masa itatuwa an dasa otal. Ni kuma gidan da aka haife ni, da rijiyarmu, da kabarin kakana, duk suna ƙarƙashin ruwa, a kansu nake jefa koma kullum. Ina gane wurin da wata tsamiya da kanta ke leƙowa in ruwa ya ja baya. Shi ko banza yana iya zuwa ya tsaya a ƙofar otal ya yi tsaki. Ya ce wa ya sayar da naku. Na ce babu, gwamnati ce ta zo da mota. Ya ce to ka ji daɗi, ba ka da wanda za ka ƙi. Maganar ta shige ni, amma ban nuna ba. Ya tashi ya naɗe komarsa ya ce mu sauka lafiya. Na ce ai mun sauka. Ni baƙonsa ne, kuma a garinmu wanda ya zo neman aure ba ya tashi sai da amsa. Ya ce ai ya ba da amsa. Na ce wannan ba ta yi mini ba, zan jira wata.

Haka muka tare a gidansa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna ƙetare, ɗakuna a buɗe. Balarabe kuwa ko zai mutu ba ya korar baƙo, sai dai ya yi ta huci. Na zame masa ƙarfen ƙafa. Ya tafi masallaci ina bayansa, ya zauna shan shayi ina gefensa, ya gasa kifi in ce wutar ta yi yawa. Nasiru ya rame, kullum yana lungu da waya yana lallashi. Ran nan da asuba Si Hadi ya ce tunda na ce ni masunci ne, in zo mu fita. Na shiga jirginsa da ƙarfin gwiwa. To, ruwan Tiga in ya yi fushi yakan yi ya huce. Wannan kuwa numfashi yake yi, ya ɗaga ka ya sauke, ya ɗaga ka ya sauke, ba hutu. Abin da ya biyo baya Nasiru ya ba da shi ba daidai ba. Ba amai na yi ba. Na ga kifayen wurin ba su taɓa ɗanɗana abincin baƙo ba, na yi musu sadaka. Ina rungume da bakin jirgi hulata ta faɗa ruwa, sai na ji wata ƙara a bayana kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Ashe Si Hadi ne ke dariya. Ya yi ta yi har ya zauna dirshan yana share hawaye. Da muka dawo tudu ya ba ni lemon tsami in tsotsa, ya zauna kusa da Nasiru, karo na farko ya dube shi sosai. Ya tambaye shi yana salla, uwarsa na da rai, in ƙafar ta ƙi warkewa me zai ci da iyali. Yaron ya amsa da ladabi, ya ce akwai fadama a gida. Sai tsohon ya yi ƙasa da murya.

"Har yanzu Salma tana da 'yar ƙofar nan a haƙoranta? A kafaɗata take hawa ta tsinko zaitun."

Nasiru ya ce tana nan. Si Hadi ya miƙa hannu ya ɗauki goro ɗaya ya gatsa, ya yamutse fuska, ya haɗiye da ƙyar.

"Faɗa wa wannan tsohon, don in rabu da shi ko 'ya'ya goma ne zan ba shi. Na ba ku. Amma ƙafata ba za ta taka Susa ba."

Na ce alhamdu lillahi, na ce wa Nasiru kira yarinya ka ce an ba mu. Ya ce Baffa, wannan ai shi ne ƙarshen auren. Na ce kira dai, ka ce ta fara gaya wa kakarta. Ya kira don ba shi da sauran abin da zai rasa. Daga baya muka ji tsohuwar ta bari sai da aka zauna cin abincin rana, sannan ta ce a yi mata barka, Hadi ya ba da Salma. Ba a yi la'asar ba muna bakin jirage sai ga mota ta taho a guje ta ci burki har kyanwoyi suka watse. Si Munsif ya fito fuska jawur, bai ko rufe ƙofa ba. A kujerar baya ga Ummi Zuhra, ashe ta riga shi shiga motar ta ce sai dai a fitar da gawarta. Ya nufo wansa yana ihu, wan ya miƙe yana ihu, masunta suka ajiye aiki suka kewaye mu. Na ce wa Nasiru fassara, kada ka rage komai.

"Yana cewa, wa ya ba ka ikon ba da 'yata? Shi kuma yana cewa, ni ne babba, na bayar, ka je ka sayar da wani abin. Yana cewa, kai da ko ranar da ta gama makaranta ba ka zo ba! Shi kuma yana cewa, an gayyace ni ne? Baffa, yanzu sun koma zancen wani keke tun suna yara."

Can sai Si Munsif ya juyo kaina. Na ce yau na sha mari a ƙasar mutane. Ya cafki hannuna na dama ya damƙe.

"Ni na haife ta, ni zan bayar! Na ba ɗanka 'yata. Ni, ba shi ba. A karanta Fatiha!"

Si Hadi ya yi tsalle ya cafki na hagu, ya ce ai ya riga ya bayar tun da safe, in Fatiha ce shi zai ja. Suka fara karantawa a tare, kowa na ɗaga murya don ya danne ɗan'uwansa, ni a tsakiya an baje ni kamar rigar da aka shanya, wannan ya ja wancan ya ja. Masunta suka ɗaga hannu suka shafa. Nasiru ya durƙusa a kan gwiwar mai ciwo bai ma sani ba. Ana cewa amin suka sake ni suka ci gaba daga inda suka tsaya, yanzu a kan wa zai yanka ragon biki.

Ba zan ce muku sun shirya a ranar ba, don ban ga alama ba. Na dai ja jiki na koma gefe ina murza kafaɗa. Tsohuwar ta fito daga mota an ajiye mata akwatin kifi ta zauna, ta ɗora haɓa a kan sandarta tana kallonsu. Na ga abin ya ƙi ƙarewa, na ce wa Nasiru ya tambaye ta ko in shiga in raba. Ta girgiza kai, idonta na kansu, hawaye na bin kuncinta tana murmushi.

"Ce masa ya ƙyale su. Na daɗe ban ji muryoyinsu biyu a wuri ɗaya ba."

Sai na nemi wani akwatin na zauna kusa da ita, muka yi ta saurare.